Labarin Mutanen Biktoriya da Wutar Daji

Can nesa, bayan an ƙetare Tekun Indiya, akwai wata babbar ƙasa wadda ruwa ya kewaye, sunanta Ostireliya. A kusurwarta ta kudu maso gabas akwai wata jiha da a ke kira Biktoriya, babban birninta kuwa shi ne Melbon. Girman jihar bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na Nijeriya ba, amma duk duniya wuraren da suka kai ta shan wahalar gobarar daji kaɗan ne. Da ya ke ƙasar tana kudancin duniya, lokatanta sun saɓa da na ƙasar Hausa. Sa'ad da hunturu ya ke busawa a Kano da Damagaram, mutane suna ƙudundune saboda ɗari, a sa'an nan ne su can su ke cikin tsananin zafi, watau daga watan Disamba zuwa Fabrairu. Waɗannan watanni su ne watannin fargaba.

Abu uku ne suka haɗu suka jawo wa jihar wannan hali. Na fari shi ne itacen da ya cika dazuzzukanta. Mai karatu ya san itacen turare, wanda waɗansu ke kira zaiti, dogon nan da ma'aikatan gandun daji su ke dasawa a bakin hanya da kewayen gari. To, asalinsa daga Ostireliya aka kawo shi, can kuwa ya fi iri 700. Ganyensa yana da mai, man nan kuwa abincin wuta ne. Ɓawonsa ya kan saɓule ya riƙa reto a jikin rassa kamar tsumma. In gobara ta tashi, sai iska ta fizgi ɓawon yana ci da wuta, ta kai shi gaba, wani lokaci har tafiyar kilomita 20 ko 30, ya faɗi ya tayar da wata sabuwa. A kan duwatsun da ke gabas da Melbon akwai wani irinsa wanda tsawonsa ya kan kai mita 80 ko 90. Abin mamaki, shi wannan itace da wuta ya ke samun magada. In gobara ta kashe manyan, sai 'ya'yansu su buɗe, iri ya zuba cikin toka, rana ta sami hanyar sauka ƙasa, sabon kurmi ya tsiro.

Na biyu shi ne iska. Tsakiyar Ostireliya hamada ce, tana arewa da Biktoriya. Cikin watannin zafi sai iska ta taso daga can, busasshiya, mai huci kamar bakin tanderu, ta tsotse ɗan damshin da ya rage a ciyawa da ganye. Na uku kuwa shi ne fari, wanda ya kan dawo bayan 'yan shekaru, wani lokaci ya zauna shekaru da yawa a jere. Ran da ukun nan suka gamu, ƙyastun ashana ɗaya ya isa.

Mutanen farko da zuwan Turawa

Tun kafin Turawa su san akwai wannan ƙasa, 'yan asalinta, waɗanda a ke kira Aborijin, sun yi shekara fiye da 50,000 suna zaune a cikinta. Su ba su ɗauki wuta abokiyar gaba ba, kayan aikinsu ce. In sanyi ya shigo, ƙasa tana da sauran laima, sai su cinna wa ɗan fili kaɗan, wutar ta bi ciyawa a hankali ta mutu don kanta. Bana su ƙona nan, baɗi su ƙona can. Da haka ciyawa ta ke yin toho, namun daji su zo kiwo a sami na farauta, busasshen ganye kuma ba ya taruwa ya yi tuli a filayen da su ke zaune.

Turawan Ingila suka sauka a Sidni cikin 1788, suka kafa Melbon cikin 1835. Suka shigo da tumaki, suka mamaye filaye. Cututtuka da kashe-kashe da kora suka rage 'yan asalin ƙasar ƙwarai, ƙunar da su ke yi ta tsaya a wurare da yawa. Su kuwa baƙin, sun zo daga ƙasa mai yawan ruwa da sanyi, ba su san halin wannan daji ba. Ba a daɗe ba ya nuna musu. Ran 6 ga Fabrairu 1851, bayan shekara guda ta fari, wuta ta tashi ta cinye wajen rubu'in ƙasar Biktoriya. Mutum 12 suka halaka, da tumaki wajen miliyan ɗaya, da dubban shanu. Hayaƙi ya ƙetare teku har tsibirin Tasmaniya. Suka sa wa ranar suna Baƙar Alhamis. Mutanen da suka mutu ba su yi yawa ba don mazauna ba su da yawa tukuna. Cikin wannan shekara aka gano zinariya a yankin, jama'a ta kwararo, aka shiga sarar daji ana kafa garuruwa har cikin tsakiyar kurmi.

Baƙar Jumma'a

Zuwa 1939 duwatsun gabas da Melbon sun cika da injinan tsaga katako. Kowane inji yana tsakiyar kurmi, ma'aikata da matansu da 'ya'yansu suna zaune kewaye da shi cikin ɗakunan katako, hanyar fita kuwa sau da yawa guda ɗaya ce. An yi shekaru ruwa yana ƙaranci, rafuka sun ƙafe. Tun watan Disamba ƙananan wutace su ke ta ci nan da can, ba wanda ya kula da su sosai. Ran Jumma'a 13 ga Janairu 1939 ma'aunin zafi ya kai digiri 45.6 a Melbon, iskar arewa ta taso da ƙarfi, sai ƙananan wutacen nan suka haɗu suka zama ɗaya. Hayaƙi ya turnuƙe har rana tsaka ta koma kamar dare, mutane suka kunna fitilu. Toka ta je ta sauka har Niyu Zilan, bayan tafiyar kilomita wajen 2,000 a kan teku.

Da ƙura ta lafa aka ƙidaya. Mutum 71 sun rasu, gidaje wajen 1,000 da injinan katako 69 sun ƙone, daji kuwa wajen hekta miliyan 2, hekta ɗaya ko kusan eka biyu da rabi ce. Garuruwa irin su Narbethong da Noojee da Woods Point suka zama toka. A wani inji kusa da Matlock mutum 15 suka mutu rana ɗaya. Da yawa daga waɗanda suka tsira a kurmi, rami ne ya cece su. Tun bayan wata gobara da aka yi cikin 1926, waɗansu ma'aikata sun haƙa ramuka a jikin tudu, sun tokare su da gungume, sun ajiye ruwa a ciki. Da wuta ta iso sai suka shige, suka rufe bakin ramin da jiƙaƙƙen bargo, suna ta yayyafa masa ruwa har ta wuce. Inda aka yi ramin da kyau, an tsira. Inda aka yi shi da sakaci, ya zama kabari.

Gwamnati ta naɗa wani alƙali, Leonard Stretton, ya binciki al'amarin. Ya zaga garuruwan da suka ƙone, ya saurari manoma da makiyaya da masu katako da ma'aikatan daji. Abin da ya gano bai yi wa kowa daɗi ba. Ya ce kusan dukan wutacen nan hannun mutum ne ya cinna su: makiyayi mai neman toho, manomi mai sharar sabuwar gona, mai haƙar ma'adini da ke son buɗe hanya, matafiyin da ya bar murhu bai kashe ba. Ya kuma ce hukumomin da ke da haƙƙin kula da daji sun shagala da jayayya a tsakaninsu. Ya ba da shawara a yanka hanyoyi cikin kurmi, a gina hasumiyoyin hangen hayaƙi, a tilasta haƙa ramukan tsira, a riƙa ƙona busasshen ganye da gangan lokacin sanyi, a kuma haɗa masu kashe gobarar karkara a ƙarƙashin shugabanci ɗaya.

Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke cikin wannan shekara, aikin ya yi nawa. Sai da wata gobara ta sake kashe mutane da yawa cikin 1944, sa'an nan aka kafa Hukumar Kashe Gobarar Karkara ta Biktoriya cikin 1945. Ƙarfin wannan hukuma ya dogara ga 'yan sa kai ne, watau manoma da 'yan kasuwa da malaman makaranta waɗanda ba a biyansu ko kwabo. Kowane ƙauye yana da rumfar motar kashe wuta, in ƙararrawa ta kaɗa sai su bar sana'arsu su fito. Injinan katako kuma sannu a hankali aka fitar da su daga kurmi zuwa garuruwa. Aka yi doka, ran da hatsari ya yi yawa a kan hana hura wuta a fili ko ta dafa abinci ce. Cikin shekarun 1960 wani masanin daji, Alan McArthur, ya ƙago hanyar auna hatsarin kowace rana. Ya kan haɗa zafin rana, da bushewar iska, da ƙarfinta, da daɗewar fari, ya fitar da lamba ɗaya. Ya ɗauki yanayin Baƙar Jumma'a ya sa shi a matsayin 100, watau ƙarshen ma'auni.

Larabar Toka

Bayan yaƙi zaman kurmi ya sake kama. Maimakon masu katako, sai mutanen birni suka riƙa gina gidaje a kan duwatsu don sha'awar inuwa da iska mai daɗi, suna zuwa aiki Melbon da mota. Cikin 1982 aka yi mugun fari. Ran 8 ga Fabrairu 1983 wata guguwar ƙura ta rufe Melbon, ƙasar gonakin da suka bushe ce iska ta kwaso. Bayan kwana takwas, ran Laraba 16 ga wata, wuta ta tashi a Biktoriya da maƙwabciyarta, jihar Ostireliya ta Kudu. Mutum 75 suka rasu, 47 a Biktoriya, 28 a maƙwabciyar, gidaje fiye da 2,000 suka ƙone. Ranar ta dace da ranar da Kirista ke kira Larabar Toka, sunan kuwa ya bi gobarar.

Abin da ya fi kisa a ran nan shi ne juyawar iska, ya kamata kuwa a fahimci yadda abin ya ke. Muddin iskar arewa tana kora wuta, siffarta kamar mashi ce, bakinta siriri yana fuskantar kudu, gefenta dogo ƙwarai. Da yamma sai wata iska mai sanyi ta taso daga teku, ta kudu maso yamma. Nan take dogon gefen nan na gabas, wanda ya ke iya kai kilomita da yawa, sai ya zama shi ne bakin wutar. Mutanen da suka ga wuta ta wuce su, suka saki jiki, sai ga ta ta juyo kansu gaba ɗaya. Haka ta rutsa da 'yan sa kai 12 a Upper Beaconsfield, suna cikin aikin ceton gidajen waɗansu.

Bayan wannan masana suka bi gidajen da suka ƙone da waɗanda suka tsira, suna tambaya. Suka gano abu biyu. Na ɗaya, yawancin gidaje ba harshen wuta ba ne ke cinye su farat ɗaya. Tartsatsi ne ya ke shiga ta ƙarƙashin rufi, ko ta tagar da ta fashe, ko ya faɗa kan ganyen da ya taru a magudanar ruwan rufi, ya yi ta ci a hankali. In akwai mai lafiya a gidan da bokiti da tsumma, sai ya kashe shi tun yana ƙarami. Na biyu, da yawa daga waɗanda suka mutu, a hanya suka mutu, sun fito a makare cikin mota ko a ƙafa, hayaƙi ya rufe musu ido, hucin wuta ya same su a fili. Hucin nan kuwa ya kan kashe mutum tun harshen wutar bai taɓa shi ba, amma bango yana tare shi.

Daga nan hukuma ta tsayar da shawara ga jama'a: kowane mai gida ya zaɓi ɗaya cikin biyu. Ko ya shirya gidansa sosai ya tsaya ya kare shi, ya fake a ciki har bakin wuta ya wuce, sa'an nan ya fito ya kashe tartsatsi, ko kuwa ya kwashe iyalinsa ya tafi tun da wuri. Abin da aka hana shi ne tsayawa ana jiran a ga hayaƙi tukuna. Shekara 25 ana bin wannan shawara, ta kuwa ceci gidaje da rayuka da yawa.

Baƙar Asabar

Amma akwai ranar da ta fi ƙarfin bokiti. Tun wajen 1997 ruwa ya ke ƙaranci a Biktoriya, fari ya shekara fiye da goma. A ƙarshen Janairu 2009 aka yi kwana uku a jere zafi yana wuce digiri 43 a Melbon. Ran 6 ga Fabrairu Firimiyan jihar, John Brumby, ya gargaɗi jama'a cewa gobe za ta iya zama rana mafi muni a tarihin jihar. Haka kuwa aka yi. Ran Asabar 7 ga Fabrairu 2009 zafi ya kai digiri 46.4, iska tana gudun fiye da kilomita 100 cikin sa'a guda. Lambar McArthur ta wuce 100 nesa ba kusa ba. Gab da tsakar rana wata wayar lantarki ta tsinke a Kilmore East, arewa da Melbon, ta faɗi kan busasshiyar ciyawa. Wannan wuta kaɗai ta kashe mutum 119. Wajen ƙarfe shida na yamma iska ta juya kamar yadda ta yi cikin 1983, wuta ta afka wa garuruwan Kinglake da Strathewen, wata kuma ta cinye Marysville, har gine-ginen da suka rage tsaye a garin ba su taka kara sun karya ba. Waɗansu mutanen Marysville a tsakiyar filin wasan gari suka kwana, da haka suka tsira.

Mutum 173 suka rasu a ran nan, gidaje fiye da 2,000 suka ƙone, mutum fiye da 7,000 suka rasa wurin kwana. Abin da ya fi girgiza jama'a shi ne, fiye da 100 daga cikin mamatan a cikin gidaje aka same su. Waɗansu sun shirya iyakar shiri, da tanki da injin jan ruwa, wutar ta fi ƙarfinsu. Waɗansu ba su yi niyyar tsayawa ba, jira su ke yi a gaya musu, labari bai iso ba sai da wuta ta iso ƙofa. Waɗansu kuwa tsofaffi ne, da yara, da marasa lafiya.

Aka sake naɗa kwamitin bincike a ƙarƙashin wani tsohon alƙali, Bernard Teague, ya miƙa rahotonsa cikin Yuli 2010 da shawarwari 67. Bai soke tsohuwar shawara duka ba, amma ya gyara ta. Ya ce rai ne gaba da gida, akwai kuma ranakun da ba gidan da za a iya karewa, in irin ranar ta zo ba abin yi sai tafiya. Aka ƙara sabon mataki a saman ma'aunin hatsari don irin waɗannan ranaku. Aka shirya hanyar aika gargaɗi kai tsaye zuwa wayar kowane mutum da ke yankin da wuta ta nufa. Aka keɓe filaye da gine-gine a garuruwa inda wanda ya makara zai fake. Aka tsananta dokar gini a bakin daji, aka kuma shiga gyaran wayoyin lantarki.

Zaman yau da kullum

An gwada sabon tsarin cikin bazarar 2019 zuwa 2020. Shekarar 2019 ta fi dukan shekarun da aka auna kafinta zafi da bushewa a Ostireliya, masana kuwa sun nuna ƙasar ta ƙara ɗumi da wajen digiri ɗaya da rabi tun daga 1910, lokacin gobara yana ta ƙara tsawo. Wuta ta yi watanni tana ci, mutum 33 suka rasu a dukan ƙasar, gidaje fiye da 3,000 suka ƙone. A ƙarshen Disamba 2019 hukuma ta ce wa dubban masu hutu su fice daga gabashin Biktoriya tun wuta ba ta tare hanya ba. A garin Mallacoota, inda hanyar ta riga ta yanke, mutum wajen 4,000 suka taru a bakin teku ran 31 ga wata, sama ta yi ja wur, daga baya jiragen sojan ruwa suka zo suka kwashe da yawa daga cikinsu. Dajin da ya ƙone a Biktoriya ya kai wajen hekta miliyan ɗaya da rabi, ninki uku na 2009, amma mutum 5 ne suka rasu a jihar. Gaskiya ne yankin ba shi da yawan jama'a kamar kewayen Melbon. Duk da haka ficewa da wuri ta taimaka ƙwarai.

Maganar ƙona daji da gangan kuwa har wa yau ana jayayya a kanta. Kwamitin Teague ya ce a ƙona kashi 5 cikin 100 na dajin gwamnati kowace shekara. Bayan 'yan shekaru gwamnati ta bar wannan lissafi, ta koma zaɓen wuraren da ƙunarsu za ta fi kare garuruwa. Aikin yana da wuya, don kwanakin da suka dace da shi kaɗan ne, hayaƙinsa yana damun masu ciwon ƙirji, wani lokaci ma wutar ta kan kuɓuce. An kuma waiwayi 'yan asalin ƙasar. Cikin 2017 mutanen Dja Dja Wurrung, a tsakiyar Biktoriya, suka koma yin ƙunar kakanninsu tare da ma'aikatan gwamnati, bayan shekaru masu yawa da aka raba su da ita.

Mai gida a bakin dajin Biktoriya yana da aikin da ya kan yi kowace shekara kafin zafi ya shigo. Ya kan yanke ciyawar kewayen gida, ya sassabe rassan da suka rufa a kan rufi, ya kwashe ganyen magudana, ya nisantar da itacen hura wuta daga bango. Ya kan cika tanki, ya gwada injin jan ruwa wanda ba ya bukatar lantarki, don wuta in ta zo lantarki ne ke fara ɗaukewa. Ya kan haɗa takardu da magunguna da barguna na ulu cikin jaka ɗaya kusa da ƙofa. A bakin hanyar shiga gari akwai allo mai kibiya da ke nuna hatsarin ranar, tun 2022 kuwa matakansa huɗu ne. Sa'an nan iyali su zauna su yanke shawara: in kibiya ta kai mataki kaza, wa zai ɗauko yara, wa zai kula da tsohuwa da dabbobi, ta wace hanya za a bi, gidan wa za a sauka.

Sau uku amsar tambayar nan ta sake cikin shekara 70. Mutanen 1939 sun ce a shiga rami, na 1983 sun ce a tsaya a kare gida ko a tafi da wuri, na 2009 sun ce ran da abin ya kai intaha a bar gidan a tsira da rai. Kowace amsa da rayukan mutane aka saye ta. Abin da bai sake ba shi ne lokacin yanke shawarar. Hausawa sun ce ba a fafa gora ranar tafiya. A duwatsun Biktoriya, iyalin da suka ji an ce gobe kibiya za ta kai ƙarshen allo, tun daren su kan ɗora kaya a mota su sauka gari, ko da kuwa ba a ga hayaƙi ko'ina ba.